Keken da Ke Daka

Maigidana, Allah ya jiƙansa, gyaran keke da rediyo yake yi a bakin kasuwar Gesheme. Da moto, wato babur, ya yi yawa a gari sai ya koyi gyaransa shi ma. Da wannan mutane suka san shi. Shi kuwa a wurinsa gyara hanyar samun na cefane ce kawai. Aikinsa na gaske, in ji shi, ƙirƙira ne, duniya ce dai ba ta riga ta sani ba.

Rediyo ce ta jawo mana. Akwai wani shiri da ake ba da tarihin mutanen da suka ƙago abubuwa, ba ya bari ya wuce shi. In ya gama saurare sai ya zo ya tsuguna kusa da ni ina bakace, ya maimaita mini tun daga farko, har da abin da mai shirin bai faɗa ba. Daga bakinsa na ji labarin wanda ya yi ta gwada abubuwa iri-iri, har da zaren gora, kafin ƙwan lantarki ya yarda ya daɗe yana ci. Na ji na wanda ya mai da kafar allura can wajen tsininta, keken ɗinki ya samu. Amma waɗanda ya fi so wasu ƴan'uwa ne biyu a Amurka da suka haɗa jirgin sama, don an ce su ma masu gyaran keke ne. In ya zo kansu har murya yake sassautawa, kamar yana maganar danginsa na wajen uwa.

Wata rana na tambaye shi wa ya ƙago turmi. Ya ce ba a kawo shi a rediyo ba tukuna. Na ce in an kawo ya kira ni, don ina jin mace ce, kuma tana can tana daka lokacin da masu rubuta sunaye suka wuce.

Abin da ya fara ƙagowa bayan aurenmu na korar tsuntsaye ne. Ya ɗauki ƙafar keke, ya ɗaura mata fikafikan langa-langa, ya kafa ta bisa doguwar sanda a gonarmu, ya rataya gwangwanaye. Wata mata da ke kai wa mijinta fura ta hango abin da tsakar rana kusa da tsamiya, yana juya kai yana ƙara ba kowa a wurin. Ta yar da ƙwaryar ta sheƙa gida, ta ce doguwa ta sauka a gonarmu. Duk wannan damina mutane kewayawa suke yi. Tsuntsaye kuwa ba wanda ya kai musu labari, a kansa suke hutawa in sun ƙoshi. Taubashinsa, ɗan kawunsa mai sayar da shayi a tasha, ya yi ta yi masa dariya. Maigida ya ce abin ya nuna yana kora, saura kawai a gyara wa zai kora.

Haka muka zauna shekaru, yana haɗa abubuwa ina share kusoshi daga tsakar gida. Ƴaƴanmu mata suka yi aure, namijin ya tafi Yamai, muka rage mu biyu. A lokacin ne kafaɗata ta dama ta fara ciwo. Na yi ta daurewa har ranar da taɓarya ta suɓuce mini a sama ta kusa fasa tukunya. Ya ɗauke ni a moto zuwa Tibiri, likita ya murɗa hannun, ya ce in ina son shi in bar daka.

Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba zai ce ai da injin niƙa a gari. Akwai shi. Amma ko mai kai niƙa sai ta yi surfe a turmi tukuna, kuma fura ba ta yiwuwa sai an kirɓa. Bayan wannan, turmi murya ce. Kowace mace a unguwarmu an san dakanta kamar yadda aka san tarinta. Nawa bugu biyu ne masu nauyi, ɗaya marar nauyi, sai in cilla taɓarya sama in tafa hannu kafin ta dawo. Tun ina budurwa a Ɗan Kassari haka nake yi. Maƙwabciyarmu, tsohuwar da duk unguwa ke kira Inna, katanga kawai ta raba mu, takan ce ita ba ta kiwon zakara tunda ina nan. Saboda haka ban gaya wa kowa maganar likita ba. Na roƙi maigida shi ma ya yi shiru.

Ya tausaya mini ƙwarai, wannan ba shakka. Amma a hanyar dawowa na ji yana ɗan waƙa ƙasa-ƙasa bisa moto. Shekara da shekaru yana jiran matsalar da ta yi daidai da shi, ga ta ta zo har cikin gidansa.

Ya kwashe awaki daga ɗakinsu, ya shige da tarkace. Ya kafe wani tsohon keke a ƙasa, ya cire ƙafar gaba, ya haɗa sarƙar da wata gangar ƙarfe da ya lulluɓe cikinta da robar taya. In an zuba hatsi an hau keke an taka, gangar ta juya, dusa ta saki. A gefe ya sa wasu fayafayan ƙarfe biyu masu niƙa gari. Abin mamaki, ya yi aiki. Abin da ya fi alfahari da shi kuma shi ne ba ya ƙara. Sai wani ɗan shuu, kamar ana zuba rairayi. Ya ce manyan injuna na Turai haka suke, ƙara alamar rashin ƙwarewa ce. Ya kuma ce kada kowa ya gani sai ya kammala, don ya ji a rediyo yadda aka sace wa mutane da yawa basirarsu. Shi yana ɓoye kekensa, ni ina ɓoye kafaɗata.

Lokacin bazara ne, lokacin da rumbuna ke fara nuna gindinsu, kuma daminar da ta wuce ba ta yi wa kowa daɗi ba. Gidanmu ya yi tsit. Ba a ji surfe ba, ba a ji kirɓi ba, ba a gan ni a layin injin niƙa ba.

Inna ce ta fara. Ta miƙo kwano ta kan katanga ta ce, "Ɗiyata, ɗanɗana min miyag ga, kamar na cika gishiri." Tuwon da ke ƙarƙashin miyar zai ƙosar da masu noma. Washegari matar liman ta shigo da dambu, ta ce hannunta ne ya zarce wajen awo. Bafulatanar da ke kawo mana nono ta ƙara ludayi bisa ludayi, ta ce shanun ne suka yi yawan kirki kwanan nan. Ba wadda ta dubi idona. Duk wadda ta shigo sai ta kalli turmina da ke kife a jikin bango, ta kau da kai da sauri.

Maigida ya ci ya yi hamdala. Ya ce da alama mutane sun fara jin wani abu a jikinsu, haka ake yi wa masu basira tun kafin a san abin da suka yi. Har kumatu ya yi.

Ni ban daɗe ba na gane. A wurinmu ba a tambayar mutum ko yana da abin ci, shi ma ba ya faɗa. Turmi ake saurare. Gidan da turminsa ya yi shiru a bazara, rumbunsa ne ya ƙare. Kuma tunda an san halin maigida da sayen tsoffin ƙarafa, an riga an yanke cewa ya sayar da hatsinmu ya sayi tarkace. Da na faɗa masa yana cikin cin danwaken wata maƙwabciya. Ya ajiye cokali. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. A yi masa dariya kan ƙirƙira ya saba, har daɗi yake ji. Amma a ce ya bar matarsa da yunwa, wannan bai iya ɗauka ba. Rumbunmu kuwa yana nan da damma har wuya.

Na ce to ya buɗe ɗakin awaki kowa ya gani. Ya ce in fara gaya musu kafaɗata. Muka dubi juna. Ya ce in ba shi lokaci kaɗan, wannan ƙaramar matsala ce, in ƙara suke so zai ba su ƙara.

Da safe ina bayan ɗaki ina alwala na ji abin. Kwam, kwam, kwam. Ya ɗauki turmina ya kai ɗakin awaki, ya ɗaura wani icce a jikin keken, duk juyi ɗaya iccen ya bugi turmin. Turmin kuwa ba komai a cikinsa, tunda hatsin yana cikin ganga. Na fito da gudu da buta a hannu, amma ina, unguwa duk ta ji.

Namiji ba zai san wannan ba. Turmi mai hatsi muryarsa a cike take, tana sauka ƙasa. Turmin da ba komai ƙararsa sama take tashi, a bushe. Kowace mace ta san wannan ƙarar, kuma ta san wadda ke yin ta. Macen da abinci ya ƙare mata, kunya ta hana ta faɗa, ita ce ke dakan turmi wayam don maƙwabta su ɗauka akwai. A shekarun yunwa iyayenmu sun yi. Ba a yi wa mai wannan dakan dariya, kuka ake yi mata a ɓoye.

Na ce masa, "Malam, sauko. Ka gama da mu."

Ya ce, "Ba ƙara suke so ba?"

Kafin azahar kwanoni sun cika tsakar gida. Wannan karon ba wadda ta tsaya neman dalilin gishiri. Wata ma ta ƙarƙashin zana ta turo nata ta wuce. Matar liman ta riƙe hannuna ta matse, idonta ya kawo ruwa, hannun mai ciwon kuwa ta kama, ni ma nawa idon ya kawo ruwa, ta ƙara tabbatarwa.

Labari ya bi ƴan kasuwa har Ɗan Kassari. Ranar kasuwa sai ga yayana, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, da amalanken jaki da buhuna an rufe da tabarma. Mutum ne marar yawan magana, kuma tun asali yana ganin na auri mai wasa da gwangwani. Suka zauna a zaure da maigida, suka yi gaisuwa mai tsawo, suka tambayi lafiyar kowa har da awaki. Can yayana ya dubi ƙasa ya ce gara ta shiga rumbunsa, ya kawo ɗan hatsi a ajiye masa a nan, in kuma an ga zai lalace a taɓa. Ina bayan ƙofa ina ji. Na san rumbun yayana, ko tururuwa sai ta nemi izini.

Maigida ya tashi ya ce, "Yaya, taho ka gani." Ya kafa tsani a jikin rumbu, ya ɗage murfin, ya roƙe shi ya hau. Yayana ya hau ya leƙa, ya daɗe yana leƙe. Da ya sauko maigida ya wuce gaba zuwa ɗakin awaki, ya cire kwaɗon da hannunsa. Na san abin da wannan ya ci masa. Inna ta riga ta shigo da sunan karɓar kwanonta. Taubashin nan ma, wanda ya biyo amalanke tun daga tasha don kada a ba shi labari, yana tsaye a bakin zaure.

Maigida ya zuba hatsi a ganga, ya tattare riga, ya hau keke ya fara takawa. Gumi na zuba, gemu na rawa, fuskarsa na kallon bango. Yayana ya zagaya keken, ya duba gaba, ya duba baya, sannan ya tambaya da gaske, ba da wasa ba:

"To, ina za ka?"

Taubashi ya zauna a ƙasa don dariya. Ya ce a bar shi, Yamai za shi, sai dai bango ya tare hanya. Ya ce shi dai yau ya ga namiji na daka. Maigida, yana haki, ya ce shi ba daka yake ba, keke yake tuƙawa, abin da ganga ke yi a gefe tsakaninta ne da hatsi.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ɗebi garin ta sa a harshe, ta ce warin taya yake yi. Gaskiya ta faɗa, ni ma na ji tun ranar farko, ban dai faɗa masa ba. Sannan ta juyo ta dube ni, ta ce in ɗaga hannu. Na ɗaga na hagu. Ta ce ɗayan. Ya tsaya a rabin hanya.

"Mu mun mutu ne?" in ji ta. "Katanga guda tsakaninmu, kina da ciwo, kika bar mu muna dahwa muku tuwo kamar marayu, wanga kuwa yana ta ƙiba?"

Yayana ya mai da buhunansa bisa amalanke. Da zai tafi ya ce wa maigida in an samu wanda ke noma yana tsaye wuri ɗaya, a aika masa.

Daga ranar mata suka riƙa zuwa da taɓarensu suna yi mini daka. Na gode musu, amma raina bai kwanta ba. Inna ta girme ni nesa, ga ta tana surfe ina zaune da faifai kamar baƙuwa. Gidanmu ya samu murya, sai dai ta aro ce. Maigida ya lura. Sai na ga ya bar tafiya kasuwa da wuri, yana zama a bakin ɗakin awaki yana sauraren matan. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana shan fura, sai lokacin ya fara jin yadda ake yin ta. Ya gane taɓaryar Inna tana jan ƙafa, ta matar liman tana sauri kamar ana bin ta.

Wata safiya ya kawo mini ƙwarya a kife ya ce in buga masa nawa dakan da hannun hagu. Na buga. Ya ce in sake. Na yi ta bugawa yana rufe ido. Ya je wurin masassaƙi ya samo guntun kirya, ya zauna da wuƙa da magagari ya fitar da wani faifan icce mai tozo uku, biyu manya, ɗaya ƙarami, sai fili. Ya yar da gangar roba. Ya rataya taɓaryata ta gaske a jikin wata sanda, ya sa turmina a ƙarƙashi, da hatsi a ciki wannan karon. In ya taka keke faifan ya juya, tozon ya ɗaga sandar ya sake ta. Bugu biyu masu nauyi, ɗaya marar nauyi, sai shiru.

Shirun nan wurin tafi ne. Ya so ya ƙago masa wani abu, har ya ɗaura tsoffin takalma biyu su riƙa haɗuwa, suka yi ƙara kamar ana marin jaki. Ya cire su ya ce tafin ya bar mini. Haka muka riƙa yi. Shi yana bisa keke, ni ina tsaye gefen turmi ina juya hatsi da hannun hagu, in wurin ya zo in tafa. Ranar farko Inna ta leƙo ta kan katanga don ta yi mini faɗan na koma daka, ta same ni tsaye hannu sake.

Taubashi bai bar shi ba. Kullum in maigida ya iso tasha sai taubashin ya tashi ya yi masa sannu da hanya, ya tambayi mutanen can. A hankali maganar ta zama ma'auni a gidanmu. Surfen tuwon dare, zuwa Tibiri ne. In da kirɓin fura, Dogon Dutsi. Ranar jajibirin salla kuwa yakan sauko yana dafa ƙugu ya ce yau ya kai Yamai, ya gaida yaronmu. Wasu mata suka so a yi musu irinsa, mazansu suka ce su ba su iya keke ba, har da masu zuwa gona a kan keke. Ba a kawo sunansa a rediyo ba. Ya ce ba komai, mai turmi ma ba a kawo ta ba.

Shekarun da muka yi haka ba su da yawa. Numfashinsa ya fara gajarta. Tun yana kai Dutsi ya koma Tibiri, daga baya ko bayan gari ba ya kaiwa sai ya sauko ya zauna. Mata suka dawo da taɓarensu ba tare da an kira su ba. Shi kuwa ya rufe ɗakin awaki ya ce keken na son gyara. Ya sayo tsohuwar ƙafar keken ɗinki wurin wani tela, na yi masa faɗa, na ce mai ciwo ba ya sayen ƙarfe. Ya ce in bar shi, yana rage wata ƙara ce. In ya ɗan ji ƙarfi sai ya shiga, in ji ƙwanƙwasa kaɗan, sai shiru mai tsawo, sai kuma ƙwanƙwasa.

Rasuwarsa ba zan rubuta ta ba.

Duk tsawon takabata kwanoni suna zuwa. Ba wadda ta ce gishiri ya yi yawa, ba wadda ta ce hannunta ya zarce. Suna ajiyewa, su zauna kaɗan, su tafi. Ɗakin awaki yana rufe, mabuɗin yana rataye inda ya bar shi. Ban taɓa hawa keke ba a rayuwata, kuma ba da zane da shekaruna zan fara ba. Na riga na sa a raina cewa turmin gidan nan ya gama magana.

Bayan na fita takaba na buɗe ɗakin don in share. Babu sirdi, babu ƙahon keke. A wurinsu akwai ɗan benci, a gabansa kuma faffaɗan matakin keken ɗinki, an haɗa shi da sarƙar. Na zauna. Ƙafafuna suka sauka daidai bisa matakin, ba sai na miƙa ba. Ban san lokacin da ya auna ni ba. Ya matso da turmin kusa, inda hannun hagu zai kai.

Na daɗe a zaune. Sannan na tashi na ɗebo hatsi, na yayyafa ruwa, na zuba. Na taka. Da farko ya yi nauyi, sai faifan ya juya. Bugu biyu, ɗaya, shiru. Zagayen farko ban tafa ba. Na biyu ma haka. A na uku na tafa.

Can na ji motsi a bayan katanga, sai muryar Inna.

"Ɗiyata, kin tashi lahiya?"

Na ce lafiya lau.

Ta kasa kunne ga dakan. Ta ce, "Yau ina kika nuhwa?"

Na ce, "Tibiri kawai, Inna."

Ta ce Allah ya kai lafiya. Ranar ba a kawo kwano ba.